Ɗana Ba Ya Rabuwa Da Zane, Mahaifinsa Kuma Likita Yake So

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a garin Argungu. Ɗana na biyu shekararsa 14, yana aji uku a ƙaramar sakandare, kuma tun yana ɗan ƙarami in ya samu gawayi ko alli sai ya zane bango har sai an tsawata masa. Yanzu hannunsa ya faɗa ƙwarai. Akwai zanen masunta da ya yi bayan ya je kallon su a bakin kogi a Matan Fada, har malaminsu na darasin al'adu da fasaha ya karɓa ya manna a aji, ya kuma ce yaron yana da baiwa, kada a bari ta mutu idan ya shiga babbar sakandare. Mahaifinsa manomin shinkafa ne, yana kuma sayar da ita. Ya ce shi likita yake so, zane aikin wanda ba shi da abin yi ne. Baffan yaron ma ya ce zana abu mai rai haramun ne. Da sakamakon zangon da ya wuce ya fito aka ga makinsa na lissafi ya yi ƙasa, maigida ya ɗauki littafin zanen ya yayyaga a gabansa. Tun daga ranar yaron ya rage magana, abinci ma sai na matsa masa. Ni kuma na cire daga kuɗin adashina na saya masa wani littafin da fensiran kala, yana ajiyewa a ɗakina ba da sanin mahaifinsa ba. Raina bai kwanta da wannan ɓoyon ba. Shin taimakonsa nake yi ko cutarsa? Kuma karatun zane a makaranta yana da wani amfani na haƙiƙa, ko ɓata lokaci ne kamar yadda ake faɗa?

Daga wata uwa, Argungu, Jihar Kebbi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri a kan kulawar da kike yi wa yaronki, domin ba kowa ne zai lura cewa shirun yaro yana da dalili ba. Amsata a taƙaice ita ce karatun zane yana da amfani mai yawa, kuma littafin da kika saya masa ba cuta ba ne. Amma ɓoyon da ake yi wa maigida shi nake so ki kawo ƙarshensa da wuri, tun kafin ya gano da kansa, domin ranar da ya ci karo da littafin nan a ɗakinki maganar za ta tashi daga zane ta koma maganar amana tsakanin miji da mata, yaron kuma zai ɗauka shi ne ya haddasa saɓanin iyayensa.

Bari mu fara da mahaifinsa, don in ba ki fahimci abin da yake tsoro ba, ba za ki san ta inda za ki ɓullo masa ba. Mutumin da ke noman shinkafa a fadamar Argungu ya san rashin tabbas tun daga tushe. Ya sayi taki da tsada, ya zuba mai a injin ban ruwa, ya biya 'yan ƙwadago, sannan wata shekarar ambaliya ta zo ta kwashe gonar, ko kuma farashi ya faɗi daidai lokacin da ya kai kaya kasuwa. Wanda ya rayu a haka, in ya ce yana son ɗansa ya zama likita, yana nufin yana son yaron ya samu abin dogaron da shi bai samu ba. Kuma akwai gaskiya a cikin tsoronsa wadda ba zan ɓoye miki ba. Wanda zai rayu da zana hotunan ratayawa a bango kaɗai, kasuwarsa a ƙasar nan ƙanƙanuwa ce, yawancinta tana Legas da Abuja, kuma kaɗan ne ke samun shiga cikinta. Makin lissafin da ya sauka ma abu ne da ke rubuce a takarda, ba wanda zai musa. Yaga littafin kuskure ne, ina faɗa ba tare da kwana-kwana ba, domin aikin watanni ne na yaro aka lalata a gaban idonsa, amma kuskure ne na uban da ke jin tsoron makomar ɗansa, kuma irin wannan uban ana iya shawo kansa.

Inda na saɓa da shi shi ne cewar da ya yi zane aikin marasa abin yi ne. Ki yi tunanin abin da yaron ya yi kafin zanen masuntan nan ya fito. Sai da ya tsaya a bakin ruwa ya lura da yadda masunci ke ɗora ƙirjinsa a kan gora, yadda homa ke buɗewa a kowane hannu, yadda rabin jikin mutum ke ɓacewa cikin ruwa, da yadda na nesa ke ƙanƙancewa na kusa kuma ya cika ido. Sai da ya auna da idonsa ko goran ya fi kan mutum girma sau nawa, ya ja layi ya goge, ya sake ja, har abin ya zauna. Jama'a da yawa sun kalli abin da ya kalla suka koma gida da labari kawai. Wannan ne darasin zane ke koyarwa idan an koyar da shi yadda ya kamata, wato kallon abu yadda yake a zahiri maimakon yadda mutum ya saba zato, da auna girman wani sashe a kan wani, da jure gyara aiki sau da yawa ba tare da karaya ba. Darussa kaɗan ne a makarantunmu ke ba yaro wannan horon, domin yawancinsu an gina su a kan hadda da kwafar abin da malam ya rubuta a allo. A zane kuwa yaro shi ke yanke shawara daga farko har ƙarshe, in ya yi kuskure idonsa ne zai fara gaya masa tun kafin malam ya duba.

Kimiyyar da mahaifinsa ke so ma tana buƙatar irin wannan idon. A jarrabawar gwaji ta bayoloji, ko ta WAEC ko ta NECO, ana ajiye wa ɗalibi ganye ko ƙwaro ko ƙashi a gabansa a ce ya zana, ya sa wa kowane sashe suna, ya kuma nuna girman zanen idan an kwatanta da ainihin abin, kuma ana ba da maki a kan tsabtar layi. Ɗalibin likitanci kuwa farkon karatunsa a kan siffar jikin ɗan Adam yake, inda dole ya riƙe a kansa wace jijiya ce ta bi ta ƙarƙashin wace tsoka. Akwai wani likita ɗan ƙasar Sifaniya, Santiyago Ramon Kahal, wanda tun yana yaro burinsa ya zama mai zane, mahaifinsa kuma, wanda shi ma likita ne, ya ƙi. Ya karanta likitancin amma bai ajiye fensir ba, ya riƙa kallon ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa a madubin likita yana zana su dalla-dalla, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1906, kuma har yau ana amfani da zanensa wajen koyarwa. Na kawo miki labarinsa ne don ki ga cewa ba dole ba ne a ce ko dai zane ko dai likitanci.

Wani abin da ke sa iyayenmu ƙyamar darasin shi ne ganin kamar baƙon abu ne da boko ya kawo. Alhali babbar rigar da maigida ke sawa ranar Juma'a ko ranar Sallah, kafin mai ɗinki ya sa mata allura sai da wani ya zana aska takwas ko aska biyu da tambari a kan yadin. Allon da ake yi wa zayyana don saukar Alƙur'ani, da jar tawada da baƙa da ruwan ɗorawa, gwanin zane ne ya zauna a kansa. Haka adon fuskar soro da dagi, da aikin dukawa a kan jar fatar akuyar Sakkwato wadda ta daɗe tana ƙetare Sahara, da ƙwaryar da ake sassaƙa wa ado don jeren amarya, da ƙunshin da ake zana wa amaryar kanta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, har yau masu nazarin gine-gine suna zuwa duba bakan-gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufinsa. Idan kuma kika juya takardar naira 20, matar da ke gina tukunya a jiki Ladi Kwali ce, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A da irin waɗannan sana'o'in mafi yawansu gado ne, sai ɗan gidan ke samun koyo. A ganina babban alherin sa zane a cikin darussan makaranta shi ne ya buɗe wannan ƙofar ga ɗan manomi da ɗan masunci da ɗan ma'aikaci, duk wanda Allah Ya ba hannu. Abin takaici shi ne makarantu da yawa suna da darasin a jadawali amma ba su da malamin da ya karance shi, sai a damƙa wa duk wanda ke da sararin lokaci, yara su ƙare shekara uku suna haddace sunayen kaloli ba su taɓa riƙe burushi ba. Tunda ɗanki ya dace da malamin da ya lura da shi har ya manna aikinsa a aji, wannan malamin abokin tafiya ne, kada ku sake shi.

Maganar baffansa kuma kada ki ɗauke ta da wasa, kada kuma ki shiga jayayya da shi a kanta. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. A cikinsu akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce da wannan sana'ar yake ci, sai Abdullahi ya gaya masa gargaɗin, sannan ya nuna masa cewa in dole sai ya yi, to ya riƙa zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zane a kan takarda ko yadi, wanda ba su kai shi ga haramci ba, wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Fatawa ta malamai ce, don haka shawarata ita ce maigida da baffan su ɗauki tambayar, har da ta zanen masuntan nan, su kai wa malamin da dukansu ke girmamawa, su yi masa bayani cikakke, har da zanen da ake yi don karatu kamar na bayoloji. Duk hukuncin da ya ba su, filin da ya rage wa yaron yana da faɗi: gine-gine, tsirrai, taswira, adon yadi, zayyana, rubutun Larabci mai ado, tambarin kasuwanci. Musulmi sun yi fice a waɗannan fannonin shekaru aru-aru, kuma baffan da ya ga ɗan ɗan'uwansa ya zayyana allo da kyau da wuya ya ce a karya masa alƙalami.

Game da abin da zai ci da shi nan gaba, hanyoyin sun fi yadda ake zato yawa. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, domin ana koyar da fannin a Zariya tun kafin a kafa jami'ar a 1962, kuma daga can mashahuran masu zane irin su Yusuf Grillo da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka fito. A jami'ar akwai sashen da ke koyar da zanen kayan masana'antu, inda ake karanta adon yadi da tangaran da zanen talla, akwai kuma sashen zanen gine-gine. Kwalejojin ilimi suna horar da malaman zane, waɗanda ake ƙarancinsu. A kasuwa kuwa, ki dubi buhunan shinkafar da ke fitowa daga masana'antun Argungu da Birnin Kebbi, kowanne da tambarinsa da kalarsa da tsarin rubutunsa, wani ne ya zauna a gaban kwamfuta ya tsara aka biya shi. Haka katin biki da kalanda da fosta da allon shago da hotunan littattafan firamare. Wannan misali ne da maigida zai gane nan take, tunda harkarsa ce.

Akwai kuma wani abu da nake so ki riƙe da kyau, domin shi ne zai iya haɗa uban da ɗan a wuri guda. Duk mai son karanta zanen gine-gine a jami'a sai ya fito daga ɓangaren kimiyya, kuma sai da lissafi da fiziks. Wato yaron da ke son zane yana da nasa dalilin na dagewa a kan lissafi, in an nuna masa. Shiga ɓangaren kimiyya zai bar masa ƙofar likitanci a buɗe kamar yadda mahaifinsa ke so, ya bar masa ta zanen gine-gine da injiniyanci, kuma a wasu makarantun ana koyar da zanen fasaha irin na injiniyoyi tare da darussan kimiyya. Idan kuma daga baya ya tabbata cewa zanen zalla yake so ya karanta, akwai darasin zane a WAEC da NECO da JAMB, sai a duba littafin jagora na JAMB a ga darussan da kowace jami'a ke nema. Shekara 14 ta yi wuri a yanke wa yaro sana'ar rayuwa, ko likitanci ko zane. Abin da ya kamata a yi yanzu shi ne a guji rufe kowace ƙofa.

To yanzu ga abin da nake ganin za ki yi. Ki nemi lokacin da maigida ya ci abinci ya huta, ba yara a kusa, ki fara da abin da kuka yi tarayya a kansa, wato damuwar makin lissafin da kuma halin da yaron ya shiga. Ki gaya masa cewa yaron ya rage magana da cin abinci, domin mai yiwuwa bai lura ba, yana fita da sassafe ya dawo da dare. Sannan ki faɗa masa da bakinki cewa kin saya wa yaron wani littafin don tausayi, kuma ranki bai kwanta da yin hakan ba da saninsa ba. Zai iya ɓata rai, ki yi haƙuri ki bar shi ya huce, kada ki tayar da maganar yagawar a wannan zaman. Kada kuma ki nemi ya amince da komai a ranar. Roƙo ɗaya za ki yi, shi ne ya je makarantar ya ga malamin, ya ga zanen da ke manne a bango, ya kuma ga malamin lissafi. Gani ya kori ji. Uban da ya tsaya a aji ya ji wani namiji ɗan'uwansa yana yabon aikin ɗansa, zuciyarsa kan yi laushi fiye da yadda maganar gida za ta sa ta.

Ganin malamin lissafin yana da muhimmanci don kansa, domin har yanzu zato ake yi cewa zane ne ya jawo faɗuwar makin. Ta yiwu hakan ne, ta yiwu kuma akwai wani babi da ya wuce yaron bai gane ba, ko an sauya musu malami, ko ma ba ya ganin allo sosai daga inda yake zama. Idan an gano dalilin sai a yi yarjejeniya a fili wadda uban zai sa wa hannu da kansa: aikin gida da bitar lissafi da karatun Islamiyya su zo farko, zane ya biyo baya a lokacin da aka ware masa, kamar yammacin Asabar da Lahadi, a kuma duba sakamako a ƙarshen zango. Idan hali ya yi a sama masa mai yi masa darasin lissafi, ko da ɗalibin babbar sakandare ne a unguwa. A lokacin hutu kuma, maimakon yawo, a kai shi wurin wani amintacce mai aikin tambari da katuna a kwamfuta, ko mai zanen riguna, ko mai tsara taswirar gidaje, ya ga yadda hannu ke kawo kuɗi, ya kuma ga wahalar da ke ciki. Wannan zai nuna muku ko sha'awar tasa mai ɗorewa ce. Idan kin san maganarki ita kaɗai ba za ta kai ba, ki nemi wanda maigida ke jin nauyinsa, kamar mahaifiyarsa ko yayansa ko wani amininsa, amma bayan kin fara yi masa magana da kanki, don kada ya ji an kai ƙararsa.

Yaron ma yana buƙatar ki zauna da shi. Ki gaya masa kin san abin ya yi masa zafi kuma zanensa yana da kyau, amma kada ki bari ya ji cewa ke da shi kuna gefe guda mahaifinsa yana ɗaya gefen. Ki bayyana masa abin da Babansa ke tsoro da harshen da zai gane, ki nuna masa cewa gyara makin lissafi shi ne mafi ƙarfin hujjar da zai iya kawowa. Ki kuma sanar da shi tun da wuri cewa za ki gaya wa mahaifinsa zancen littafin, don kada ya ji kin tona masa asiri. Idan shirun da ƙin cin abincin suka ci gaba har wasu makonni, ko ya daina barci, ko ya fara gudun makaranta, kada ki ce rigimar yara ce, ku kai shi asibiti a duba shi.

Ta yiwu ki yi duk wannan maigida ya tsaya a kan bakansa cewa ba za a ɗauki zane a matsayin darasi ba. In haka ta faru, ki bar yaron ya shiga ɓangaren kimiyya da zuciya ɗaya, ki roƙa masa izinin yin zane a gida a bayyane, ko da na gine-gine da tsirrai da zayyana ne kawai, malamin kuma ya riƙa duba masa aikin lokaci-lokaci. Ki yi ƙoƙari zaman farko da maigida ya kasance kafin makaranta ta raba takardun zaɓen ɓangare, sannan ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da malaman biyu.